Tarihin Rayuwar Sarki Go-Daigo na Japan, Kashi na 4: Rigimar Rabon Ƙasa

A makon jiya mun tsaya inda sarkin ya sulale daga tsibirin Oki. A tsakiyar 1333 ya koma Kiyoto, bayan Ashikaga Takauji ya juya wa gidan Hojo, masu riƙe da gwamnatin soja a Kamakura, baya, Nitta Yoshisada kuma ya ci Kamakura da yaƙi.

Ya soke sarautar Kogon, wanda aka ɗora a bayan idonsa, har da naɗe-naɗen da aka yi a lokacin. Bai naɗa kampaku ba, wato wazirin da ya saba riƙe mulki a madadin sarki. So yake komai ya bi ta hannunsa.

Nan gizo ya yi saƙa. Dukiyar samurai, wato mayaƙin Japan, gona ce, kuma don a ƙara masa ita ya fita yaƙi. Sai sarki ya ce mallakar ƙasa ba ta tabbata sai da rinji, takardar umarni daga bakinsa. Mutane suka yi ta kwarara Kiyoto daga larduna, kowa da tsoffin takardunsa. Sarki ɗaya ba zai iya duba wannan tulin ba. Akan ba mutum biyu fili guda, a ba wani yau a ƙwace gobe, takardun jabu kuma suka cika gari. Dole aka sassauta dokar, aka kafa kotun ƙararrakin ƙasa mai suna Zasso Ketsudansho, wadda sassanta suka tashi daga 4 zuwa 8 a 1334.

Rabon ladan ma da son kai a ciki. Fadawa da gidajen ibada sun kwashi mai tsoka. Akamatsu Norimura kuwa, da ya sha fama yana yi wa sarki yaƙi a hanyar Kiyoto, an karɓe masa riƙon lardin Harima, aka bar shi da gandun Sayo. Wannan babban kuskure ne, domin daga baya shi ya tare rundunar Nitta, mai yi wa sarki yaƙi, a Harima.

Ana cikin haka sarki ya ƙudiri gina sabuwar fada, ya ɗora wa masu riƙe da gandaye harajin kashi 1 cikin 20 na abin da suke samu. Ba a jima ba aka wayi gari an kafa takardar zambo a bakin kogi a Nijo, tana lissafa abin da ake yayi a birni: harin dare, fashi, da rinjin jabu.

Mako mai zuwa: yadda aka kama Yarima Morinaga, ɗan sarkin na cikinsa, aka miƙa shi ga gidan Ashikaga.