Lisbon tsakanin la'asar da isha, bayan an tashi daga taro

Manyan taruka a Lisbon, babban birnin Fotugal, yawanci a Parque das Nações ake yin su, unguwar da aka gina don baje kolin duniya na 1998. Can aka ajiye mu, kuma lokacin da ya rage mini bai wuce daga la'asar zuwa isha ba. Mai irin wannan lokaci gefe ɗaya zai zaɓa, ko tsohon gari na Alfama ko Belém da ke yamma. In ya ce sai duka biyun, a mota zai ƙare yammacin. Alfama na zaɓa, don ta fi kusa.

Da farko katin hawa. A na'urar tashar Oriente, da ke Parque das Nações, ake sayen katin takarda a kan rabin yuro, sannan a zuba masa kuɗi ta tsarin da suke kira zapping. Da shi za ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, bas, taram (ƙaramin jirgin lantarki mai bin titi), jirgin ƙasa, har jirgin ruwa. Kowa da nasa, mutum biyu ba sa haɗa kati ɗaya. Biyan direba a cikin taram ya fi tsada sosai. Daga Oriente jirgin ƙasa zai sauke ka Santa Apolónia cikin minti 10 ko ƙasa da haka, a gindin Alfama ke nan.

Taram mai lamba 28 kowa yake ba ka shawara ka hau. Ban hau ba. Layin masu jira a dandalin Martim Moniz kan ci awa guda, cikinsa a cushe, kuma 'yan sane sun san baƙi ne a ciki. Ƙafa ta fi, amma a duba takalmi. Daɓen titunan ƙananan fararen duwatsu ne da sawu ya goge har suna sheƙi, ga gangara. Takalmin ofis mai santsin ƙasa zai zame ko babu ruwa, balle an yi yayyafi. Na roba nake sakawa a jaka tun safe.

Lungunan Alfama a murɗe suke, wani da kyar mutum biyu su gifta, ga wanki a shanye a tagogi, ga ƙamshin gasasshen kifi. Unguwar ta tsira daga girgizar ƙasar 1755 da ta rushe tsakiyar birnin, shi ya sa fasalinta ya bambanta da Baixa mai miƙaƙƙun tituna, wadda aka sake zanawa bayan masifar. Taswirar waya na rikicewa a ciki, don haka ka bi hawa kawai har dandalin hange na Portas do Sol. Daga nan ana ganin jan rufin gidaje har bakin ruwa, kuma kyauta ne. Ruwan nan kogin Tejo ne, faɗinsa ke sa a ɗauka teku ne. Mai son ainihin Atlantika sai ya hau jirgin ƙasa zuwa garin Cascais, kusan minti 40. Ganuwar São Jorge, wadda Musulmi suka riƙe har 1147, tana sama kaɗan, sai dai da tikiti da layi, na bar ta.

Daga nan gangarowa ne zuwa dandalin Praça do Comércio, a bi bakin ruwa zuwa tashar Cais do Sodré, a tsallaka kogin zuwa Cacilhas da jirgin ruwa. Minti 10 ne, da katin nan, kuma gadar 25 de Abril tana fitowa sosai da faɗuwar rana.

Abinci kuwa, burodi da zaitun da cuku da ake dire maka kafin ka yi oda ba kyauta ba ne, in ka taɓa za su shiga lissafi. Naman alade na shiga miya da yawa, har miyar ganye ta caldo verde akan jefa mata yanki. Kifi ya fi kwanciyar hankali, ko gidajen abincin halal na 'yan Bangaladash a titin Benformoso. Babban masallaci yana kusa da Praça de Espanha, nesa da wannan zagayen, don haka da alwala na fito, da ƙaramar darduma.

Wanda ya zaɓi Belém ya guji Litinin, don a ranar tsohon gidan ibadar Kirista na Jerónimos a rufe yake.