Yau dai kilas ɗin Tsawo ya kintsu

Talata, da dare.

Tun safe ina kan kod ɗin nan namu na Python mai lissafin awo. Ba sabon abu na ƙara ba, manhajar abin da take yi jiya shi za ta ci gaba da yi, cikinta kawai nake gyarawa. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne kilas ɗin Tsawo, wato sashen kod ɗin da ke wakiltar awon tsawo, ta ko'ina ake ƙirƙirar sa, nan an ba shi mita, can santimita, wani fayil ɗin ma inci aka ninka da 2.54 a tsakiyar layi ba ko bayani, duk wanda ya zo karantawa sai ya tsaya yana canki-canka.

Kafin in taɓa komai sai da na fara rubuta gwaji, kuma na farkon ma ya faɗi. Mita ɗaya da mita ɗaya, wai ba daidai suke ba! Dalilin kuwa kilas ɗin ba shi da __eq__, wato hanyar da ke tantance ko abu biyu daidai suke, to Python sai ya duba ko abu guda ne a memori, bai damu da ƙimar da ke ciki ba. Na mayar da shi dataclass mai frozen=True (kilas na riƙe bayanai da ba a iya canza ƙimarsa), wanda tun Python 3.7 yake nan, shi ke nan ya ba ni __eq__ da __hash__ tare (__hash__ shi ke ba abu lambar da set da dict ke gane shi da ita). Wannan haɗin yana da muhimmanci fa, don in ka rubuta __eq__ da hannu ka bar __hash__, Python mayar da shi None yake yi, abin ba zai shiga set ba, ba zai zama makullin dict ba.

Daga nan na yi ƙananan konstrakta (hanyoyin ƙirƙirar Tsawo) na taimako da classmethod: daga_mita, daga_santimita, daga_inci. Ko ta wanne ka shigo, ƙimar cikakkiyar lamba take komawa a maikromita, inci ɗaya 25400 cif.

Da rana mun ɗan ja da abokin aikina. Shi yana ganin a bar float (lamba mai ɗigo, wadda kwamfuta ke riƙewa da ɗan kuskure) kawai, a sa ɗan sassauci a cikin __eq__ yadda pytest.approx (kayan gwaji mai ɗaukar lambobin da suka kusa a matsayin daidai) ke yi, tunda 0.1 + 0.2 ma 0.30000000000000004 yake bayarwa. Na ce masa malam ai a cikin gwaji approx ba laifi, musamman wajen matsakaici da makamantansa, amma in ka sa shi a __eq__ za ka wayi gari A daidai yake da B, B daidai da C, amma A da C sun saɓa, sannan wane hash za ka ba su da zai dace? Gaskiya wannan ban yarda a sassauta ba sam. Shi ya sa konstraktocin rubutu suke karɓa su miƙa wa Decimal, nau'in lamba mai riƙe abin da aka rubuta cif, don in float ka ba Decimal to kuskuren ya riga ya shigo tare da shi. NaN kuwa, wato ƙimar da ke nufin "ba lamba ba ce", da ko da kansa ba ya zama daidai, tun a bakin ƙofa ake korar sa da ValueError.

Gab da magariba gwajin duk ya koma kore, wato ya wuce, har da wanda na fi so, inci 1 da santimita 2.54 a set ɗaya suka zama abu guda. Saura fayil ɗin da ke karanta CSV, har yanzu tsohon konstrakta yake kira, gobe in sha Allah da shi zan fara sannan in sa order=True, mai ba da damar kwatanta girma, in gwada < da >.