Neman gidan haya a Agege bayan an kusa watso mana kaya titi

Shekara huɗu muka yi a wani gida irin na ɗaki-kallon-ɗaki a wajen Idi-Araba a Legas, ni da maiɗakina da yara biyu, ban taɓa ƙetare wata ban biya ba. Rannan kawai da magariba ɗan mai gidan ya zo ya tsaya bakin ƙofa ya ce baba ya ce mu tashi nan da sati biyu za a yi gyara. Na ce sati biyu kuma? Ya ce haka aka ce ya faɗa. Kwana uku bayan nan aka datse mana wayar wuta, aka sa kwaɗo a famfo, maiɗakina ta koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ko takarda ɗaya ba ni da ita, duk shekarun nan a hannu nake miƙa kuɗi, ya ce Allah ya amfana, na ce amin, shi kenan.

Wani abokin kasuwata ne ya ja ni ofishin sasanci na gwamnatin Legas, Citizens Mediation Centre, ba a biyan ko sisi. A can na fara jin wai akwai dokar haya ta jihar tun 2011 zamanin gwamna Fashola. Mai biyan shekara-shekara notis ɗinsa wata 6 ne, mai biyan wata-wata wata 1, mai biyan wata uku-uku ko shida-shida wata 3, kuma ko notis ya ƙare sai an sake ba ka takardar kwana 7, sannan a tafi kotu, alƙali ne kaɗai zai ce ka fita. Mai gidan da ya fitar da kai da ƙarfi ko ya dinga takura maka don ka gaji ka tafi, laifi ya yi, tararsa tana iya kaiwa naira 250,000 ko ɗaurin wata 6. Wallahi ina zaune ina jin wannan kamar in yi kuka don haushi. Tambayar farko da matar da ke sasancin ta yi min ita ce ina rasit ɗinka, na sunkuyar da kai. An dai sasanta, aka mayar mana da wuta da ruwa, aka ba ni wata uku.

To a wata ukun nan ne na shiga neman gida, kuma wannan karon da idona a buɗe. Agege na nufa saboda ga 'yan uwa Hausawa ga masallatai ga kasuwa kusa. Na kuma gano dokar ma ba ko'ina take aiki ba, an cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA, wanda dama ni ina ni ina can, amma Agege tana ciki.

Dillalai kam na gansu kala-kala. Kowanne sai ka ba shi kuɗin zuwa duba gida kafin ya ɗaga ƙafa, wani ya kai ni wani ciki da falo da ruwa ya ci bangonsa har gwiwa yana ce min ai fenti ne kawai. Wani gidan ya yi min sosai, sai aka ce shekara biyu zan biya gaba ɗaya, alhali doka ta hana karɓar sama da shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, kuma mai bayarwar ma laifi ya yi. Da na faɗa wa dillalin haka dariya ya yi ya ce Malam in ba ka so akwai mutum biyar a layi. Na bar masa layinsa.

Inda na kusa faɗawa rami shi ne wajen agirimen. Gidan da muke ciki yanzu, wajen Oko-Oba, da aka kawo takardar shafi huɗu ce da Turancin lauyoyi, dillali yana ta miƙo min biro wai in sa hannu yana sauri. Na ce a'a sai na kwana da ita. Na kai wa wani lauya ɗan garinmu, ya sa yatsa kan wani layi ya ce ka ga nan, sun rubuta notis wata ɗaya, in ka sa hannu a haka wata shidan da kake taƙama da shi ya tafi, domin lissafin doka yana aiki ne inda ba ku rubuta wani abu daban ba. Ya kuma nuna min an rubuta haya ce ta shekara ɗaya ƙayyadaddiya, irin wannan ranar da ta cika ba sai an ba ka notis ba, takardar kwana 7 kawai.

Na koma wajen mai gidan da kaina ba ta hannun dillali ba, dattijo ne Bayarabe, na gaishe shi yadda ya kamata na ce Baba ni mai iyali ne, a mayar min da shi wata shida, a rubuta haya ce mai sabuntuwa duk shekara, a kuma rubuta kuɗin ajiya na ɓarna da yadda za a dawo min da shi. Ya kalle ni ya ce kai ka je makaranta ne? Na ce wuya ce ta koya min Baba. Ya yi dariya ya kira lauyansa aka gyara. Kafin nan ma sai da na zauna da mai shayin bakin layin na tambaye shi ko an taɓa watso wa wani kaya daga gidan, ya ce shi dai tunda yake wurin bai gani ba.

Yanzu ta banki nake tura kuɗin, asusun mai gidan kai tsaye, in rubuta na hayar shekara kaza ne, kuma ba na barin ƙofarsa sai da rasit mai ɗauke da kwanan wata da adireshin gidan. Maiɗakina ta zuba su duka a wani tsohon gwangwanin madara tare da katin rigakafin yara, ta ɗora saman wadirof inda ƙaramin ba zai kai ba.