Daga Kakuri zuwa Illela: wa zai ba mu bahasi?

A ɗakin mahaifiyata akwai wani tsohon akwatin ƙarfe da marigayi mahaifinmu yake ajiye takardunsa, kuma har yau babu wanda ya taɓa tsarin da ya bar su. A sama akwai katin shaidar aikinsa na wata masaƙa da ke Kakuri a Kaduna, a ƙarƙashinsa kuma takardar da aka raba musu ranar da aka ce kowa ya tafi gida sai an neme shi. Ya yi shekara ashirin da 'yan kai a sashen saƙa, har kunnensa na hagu ya yi nauyi saboda ƙarar injuna. Ina yaro, da jiniyar canjin aiki muke sanin lokaci a unguwarmu. Da ta kaɗa sai titi ya cika da kekuna, masu koko da ƙosai su yi layi a bakin ƙofa, Baba kuma ya dawo da farar ƙurar auduga a gashinsa da girarsa. Allah ya yi masa rasuwa ba a neme su ba, kuɗin sallamarsa ma ba su zo hannunsa cikakku ba.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin ƙaddarar gidanmu kawai. Sai da na girma na fahimci cewa abin da ya rufe waccan ƙofa an yanke wani ɓangarensa ne a Abuja, wani a Janiba, mazaunin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wani a teburin tattaunawa da masu ba da bashi na ƙasashen waje, kuma babu wanda ya taɓa zuwa gaban ma'aikatan ya ce musu ga abin da muka sa wa hannu, ga dalilinmu, ga kuma abin da zai jawo muku.

Ba ƙyamar hulɗa da ƙasashen waje nake yi ba, domin ita ce ta gina Kakuri tun farko. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. A tsakiyar shekarun 1960 masu jari daga Hong Kong suka kafa masaƙar United Nigerian Textiles, wato UNTL, Japanawa kuma suka shigo cikin Arewa Textiles. Lissafin a bayyane yake ga kowa: audugar Funtua da Gusau da Malumfashi da Gombe, maimakon a ɗora ta a jirgin ƙasa zuwa Legas ta wuce Turai, a gurza ta a nan, a kaɗa zare a nan, a saƙa a buga atamfa a nan. Baƙo ya zo da inji da ƙwarewa, mu kuma muka riƙe aikin yi da kasuwa. Wannan hulɗa ce da aka san me ake nema a cikinta kafin a shige ta.

Daga 1986 labari ya sauya. Gwamnatin Babangida ta shigo da shirin SAP na sauya fasalin tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da sinadaran rini da ake sayowa da dala suka yi tsada, aka kuma rushe hukumar sayen auduga a shekarar, manomi ya rasa tabbacin farashi da ingantaccen iri. A 1995 Najeriya ta zama mamba a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, sannan a 1997, zamanin Abacha, aka ɗage haramcin shigo da yadudduka. Ba a daɗe ba Sin ta shiga ƙungiyar a Disambar 2001, kuma a farkon 2005 aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe ke sayar wa juna a duniya. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007, Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano su ma suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya.

Adalci ne a faɗi cewa ba buɗe ƙofa kaɗai ya kashe masaƙun ba. Wutar lantarki ta gaza, baƙin man da ake hura tukwane da shi ya yi wuyar samu, injuna sun tsufa, wasu shugabannin kamfanonin ma ba su riƙe amana ba. Sai dai wannan ƙara nauyi yake yi a wuyan gwamnati, domin ita ta fi kowa sanin halin da wutar take ciki a ranar da ta amince a haɗa masaƙar da ke aiki da janareta da masaƙar da wutarta ba ta ƙiftawa a kasuwa ɗaya. Dokokin WTO kansu sun ba ƙasa damar kare masana'antarta na ɗan lokaci idan kayan waje suka yi mata ambaliya, ko ta binciki wanda ke karyar da farashi da gangan. Wanda ya sa hannu yana da hakkin ya gaya mana yadda ya yi amfani da waɗannan damammaki.

Da Obasanjo ya dawo da haramcin shigo da yadudduka, sai ya zama haramci na takarda. Kaya su sauka a tashar Kwatano ko Lome da sunan za su Nijar, su hau mota zuwa Maraɗi ko Birnin Ƙonni, daga nan su ɓullo ta Jibiya da Illela, su kwana a Kantin Kwari. Wata rana na raka ƙanwata sayen kayan lefe a Kwari, wani dattijo mai shago ya shimfiɗa mana turmi biyu masu zane kusan iri ɗaya, ɗaya na gida ɗaya na Sin. Na ce masa, “Alhaji, me ya sa ba ku tallata namu?” Ya dube ni ya ce, “Yaro, ni ma na fi son namu, amma mai saye aljihunta take tambaya.” Ban ga laifinsa ba, ban kuma ga laifin matar da ke son suturta 'ya'yanta da abin da take da shi ba. Tambayata tana wurin wanda ya kafa doka, ya ɗauki ma'aikata ya ba su kaki da albashi don su tsare ta, sannan dila-dilan kaya suka riƙa wucewa da rana tsaka.

An zuba kuɗi, ba a ce ba a zuba ba. A wajajen 2010 aka fito da asusun naira biliyan 100 don farfaɗo da auduga da masaƙu ta hannun Bankin Masana'antu. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadudduka samun dala a farashin gwamnati, sai kuma a Oktoban 2023 bankin ya janye irin wannan hani a kan jerin kayayyaki 43. Kowane mataki an sanar da shi da alkawarin dubban ayyuka, amma mafi yawan ƙofofin Kakuri suna nan a garƙame. Mai masana'anta da zai ci bashi ya sayo injin da sai ya shekara goma kafin ya mayar da kuɗinsa, ta yaya zai yi lissafi a ƙasar da manufa ke juyawa duk bayan 'yan shekaru ba tare da an zauna an auna wadda ta gabata ba?

Abin da ya fi taɓa ni a 'yan shekarun nan shi ne batun iyaka. A ranar 7 ga Yulin 2019, a Yamai, Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. A watan Agusta na shekarar aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Masu injinan casar shinkafa sun amfana, wannan gaskiya ne, amma kamfanonin da ke sayar da sabulu da robobi da takalma ga maƙwabta sun rasa kasuwa, talaka kuma ya sayi shinkafa da tsada. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ECOWAS ƙarƙashin shugabancin Tinubu ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a Illela da Jibiya da Maigatari, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu, cinikin hatsi a Dawanau da na dabbobi a kasuwannin kan iyaka ya ja baya. Mutanen da aka raba ɗin nan 'yan uwa ne na jini, Bakatsine da Bamaraɗe kakansu ɗaya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 ba tare da hamɓararren shugaban Nijar, Bazoum, ya koma kujerarsa ba, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS gaba ɗaya. Ko da mutum yana ganin hana juyin mulki wajibi ne, ai ya kamata a dawo a faɗa wa mai albasar da ta ruɓe abin da asararsa ta saya wa ƙasa.

Hanyar neman bahasi tana nan a rubuce. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da za ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita, sashe na 88 ya ba majalisar ikon bincike, ga kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Mun ma ga an yi abin da ya dace sau biyu. A Maris na 2018 Buhari ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar Afirka a Kigali har sai da aka ji ta bakin ƙungiyar masu masana'antu da ta ƙwadago, aka kafa kwamitin auna riba da asara. A Agustan 2023 kuma Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfin soja a kan Nijar bayan sanatocin Arewa sun ɗaga murya. Abin da nake nema shi ne wannan ya zama al'ada mai tilas: kafin a sa hannu ko a rufe iyaka, a fito da ƙiyasin ayyukan da za a samu da waɗanda za a rasa, a karanta shi da Hausa a rediyo, a yi zaman jin ra'ayi a Kano da Kaduna da Sakkwato ba a otal ɗin Abuja kaɗai ba, sannan bayan shekara biyu ko uku ministan ciniki da na harkokin waje su dawo gaban majalisa da lissafin abin da ya faru.

A ƙaramar sallar da ta wuce na je Kakuri gaishe da wani abokin aikin Baba, wanda yanzu yake gadi a wani gida duk da tsufansa. Mun bi ta gaban masaƙarsu, ciyawa ta kai rabin ƙofa, rufin sashen saƙa ya rufta ta gefe ɗaya. Ya ce har yanzu suna taruwa lokaci-lokaci, su da matan waɗanda suka rasu, a kan maganar haƙƙoƙinsu. Da zan tafi ya zaro tasa takardar daga cikin leda, irin ta akwatin Baba sak, ta yayyage ta wurin ninki, ya ce, “Ɗana, ka yi mini hotonta guda biyu a gari, kada ta ƙarasa lalacewa kafin a kira mu.”