Gudun fanfalaki da haƙurin rage atisaye

Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195. A gasar Olamfik ta Landan ta shekarar 1908 aka fara gudun wannan tsawo, daga baya a 1921 aka tsayar da shi a matsayin ƙa'ida. Wanda bai taɓa gwadawa ba yakan ɗauka cewa ƙarfin zuciya da juriyar wahala su ne kaɗai abin da ake buƙata. Ni kuwa abin da na lura da shi tsakanin abokan gudu shi ne, mafi yawan waɗanda tseren ke kayarwa mutane ne masu himma ƙwarai, kuma himmar ce ke kai su ga yin sauri a ranar da ya kamata su tafi a hankali, da ƙara atisaye a makon da ya kamata su rage, da fizgar gudu a kilomita goman farko kamar a nan za a ƙare.

Shiri na gaskiya yakan ɗauki wata huɗu zuwa biyar ga wanda dama yana gudu, wanda kuwa zai faro daga tushe ya fi masa alheri ya ba kansa shekara guda. Dalili shi ne sassan jiki ba sa sabawa da wahala a lokaci ɗaya. Zuciya da huhu suna saurin ƙarfafa, cikin 'yan makonni mutum zai ji numfashinsa ya daidaita, amma ƙashi da agara da jijiyoyin gwiwa suna buƙatar watanni kafin su iya ɗaukar dukan kwalta sau dubbai a kowace fita. A wannan tsakanin ne ake samun ciwon ƙwauri da na diddige, domin numfashi yana cewa a ƙara, ƙafa kuwa ba ta kai ba tukuna. Saboda haka ake ƙara nisan mako kaɗan-kaɗan, kuma bayan kowane mako uku na hawa a sauko mako guda. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon suga, ko wanda ke ɗauke da ƙwayar halittar sikila, wajibi ne ya ga likita kafin ya fara, kuma babu gudu ga mai zazzaɓi har sai ya warke sarai.

Mafi yawan gudun mako, kamar kashi huɗu cikin biyar, ya kamata ya kasance mai sauƙin da mutum zai iya hira da na kusa da shi ba tare da haki ya yanke masa magana ba. Wannan ita ce shawarar da aka fi rainawa. Saurayi mai jini a jika yana jin kunya a gan shi yana sassarfa a bakin titi, masu babur suna wucewa suna kallonsa, sai ya ƙara wuta don kada a ce ya gaji. Amma tun a shekarun 1960 mai horarwa Arthur Lydiard na ƙasar Niyu Zilan ya nuna cewa doguwar tafiya mai sauƙi ita ce tushe, har ga masu gajeren tsere irin su Peter Snell da ya ci zinariya a mita 800. Haka kuma a sansanin Kaptagat na Kenya, inda gwanin gudun fanfalaki Eliud Kipchoge ke atisaye, ana gudun kilomita 200 ko fiye a mako, kuma da yawa daga cikin fitar da suke yi a hankali suke fara ta, har ɗan koyo zai iya binsu na ɗan lokaci. Suna ajiye ƙarfinsu ne domin ranaku biyu ko uku na aiki mai tsanani. Kipchoge, wanda ya yi tseren fanfalakin Balin na 2022 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 bai ga ƙasƙanci a tafiya a hankali ba, to ban ga dalilin da zai sa mu gani ba.

Ginshiƙin shirin shi ne doguwar fita ta ƙarshen mako, wadda ake farawa daga kilomita 15 ko ƙasa da haka har a kai 30 ko 32. A cikinta ne mutum ke koyon abin da ke jiransa a ranar tsere. Jiki yana adana sukari a tsoka da hanta wanda bai wuce kimanin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki) 2,000 ba, gudun fanfalaki kuwa yana cin fiye da haka ga mafi yawan mutane. Shi ya sa tsakanin kilomita 30 da 35 ƙafafu kan yi nauyi farat ɗaya, kai ya yi dum, mutum ya ji ko ɗaga hannu ya zame masa aiki. Doguwar fita mai sauƙi tana koya wa jiki ƙona kitse domin ya tsimi sukarinsa, kuma tana ba mutum damar koyon ci yana cikin gudu. Masana suna ba da shawarar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa. Ba dole ne sai an sayi kayan zaƙin da ake shigowa da su daga waje masu tsada ba. Dabino uku ko huɗu da aka cire wa ƙwallo aka ƙulle a leda, ko ayaba, ko zuma a ƙaramar gora, duk suna aiki, muddin an gwada su tun a atisaye an ga ciki ya karɓa. Ruwa ma da iyakarsa: wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla na awanni yana zubar da gishiri ta gumi zai iya jawo wa kansa ƙarancin gishiri a jini, kuma wannan ya taɓa kashe masu gudu.

Akwai wata matsala ta musamman ga wanda ke zaune a Arewa yana shirin tseren Legas, wanda aka fara a 2016 kuma yawanci ake yinsa a watan Fabrairu. Mafi yawan watannin shirinsa suna faɗawa cikin hunturu. Zai fita bayan sallar asuba cikin sanyi da busasshiyar iska, gumi na bushewa tun kafin ya jiƙa riga, leɓe na tsagewa, ƙura na shiga maƙogwaro, sai ya ga agogonsa na nuna masa saurin da zai faranta masa rai. Ranar tsere kuwa zai tarar da iska mai laima wadda gumi ba ya bushewa a cikinta, jiki ya kasa huce zafinsa, bugun zuciya ya hau tun kafin a yi nisa. Zafi mai laima ba ya ragawa ko ga gwanaye: a gasar duniya ta Doha a 2019 an fara gudun fanfalakin mata da tsakar dare don gudun rana, duk da haka 28 daga cikin 68 da suka fara ba su kai ƙarshe ba. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14, don haka yana da kyau a mayar da wasu fita masu sauƙi zuwa hantsi a makonnin ƙarshe, sannan a rage burin lokaci tun daga gida.

Sai kuma mu zo ga makonni ukun ƙarshe, inda na fi ganin ana ɓata aikin watanni. Atisaye da kansa rauni ne yake yi wa tsoka, ƙarfin yana zuwa ne a lokacin da jiki ya samu hutu ya gyara abin da ya lalace. Mai shirin fanfalaki yakan yi watanni yana tafe da gajiyar da ba ta taɓa sauka gaba ɗaya ba, har ya saba da ita ya ɗauka haka ƙafafunsa suke. Rage atisaye shi ne ke sauke wannan gajiya ba tare da ƙarfin da aka tara ya zube ba, domin gajiya tana gushewa cikin kwanaki, ƙarfi kuwa yana daɗewa. Manomin da hatsinsa ya fitar da kai ba ya komawa ya yi ta huɗa, jira yake yi ya nuna.

Yadda aka saba yi shi ne a yi fita mafi tsawo saura mako uku. Mako na farko a rage nisan da aka saba da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, na biyu a sauko zuwa wajen rabi, na ƙarshe kuwa a tsaya kan 'yan gajerun fita. Binciken masana kimiyyar wasanni ya fi karkata ga rage yawan gudu da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na kimanin mako biyu, tare da riƙe saurin da aka saba da kuma yawan ranakun fita. Wannan sharaɗi na biyu shi ne wanda ake yawan mantawa. Wanda ya kwanta gaba ɗaya na mako biyu zai tashi da ƙafafu masu sanyi kamar ba nasa ba. Abin da ake so shi ne mai fita sau biyar a mako ya ci gaba da fita sau huɗu ko biyar, amma ya gajarta, ya kuma saka 'yan kilomitoci a daidai saurin da yake nufin yi ranar tsere, domin jiki ya riƙe ma'auninsa.

Wahalar wannan lokaci a zuciya take. Da zarar gudu ya ragu sai wasiwasi ya samu wurin zama. Mutum zai ji gwiwa na ɗan suka a inda bai taɓa ji ba, ya ji jikinsa ya yi nauyi, barci ya ƙi zuwa da wuri, ya tuna doguwar fitar da ya tsallake wata biyu baya saboda biki ko tafiya, sai zuciya ta raya masa ya rama ta a wannan Asabar. Babu abin da gudun kilomita 30 saura kwana takwas zai ƙara wa mutum in ban da gajiyar da zai shiga tsere da ita. Nauyin da ake gani a sikeli ma ba abin tsoro ba ne, domin sukarin da tsoka ke adanawa yana tafiya ne tare da ruwa, kuma wannan guzuri ne. A kwana biyun ƙarshe a yawaita shinkafa, taliya, dankali ko tuwo, a rage maiƙo da yaji da wake da ganye mai yawa. Kada a sa sabon takalmi, ko sabuwar safa, ko a ci abin da ba a saba ba. A yanke farce saura 'yan kwanaki, a tanadi man shafawa domin hammata da tsakanin cinyoyi, a kuma nemi barci mai kyau a daren da ya gabaci daren tsere, tunda a daren tseren kansa kaɗan ne ke iya runtsawa.

Tseren da ya zarce fanfalaki, daga kilomita 50 zuwa sama, yana da nasa hukunci. Mafi tsufa kuma mafi girma a cikinsu shi ne Comrades na Afirka ta Kudu, tsakanin Durban da Pietermaritzburg, wanda Vic Clapham ya kafa a 1921 don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya. Nisansa ya kusa kilomita 90, yawanci shekara guda a hau, wata shekarar a gangaro, kuma idan awa 12 ta cika sai jami'i ya juya wa masu zuwa baya ya harba bindiga, ko da saura taku biyu mutum ya tsallake layi. A Maroko kuma akwai Marathon des Sables da aka fara a 1986, kimanin kilomita 250 cikin Sahara a mako guda, kowa na goye da abincinsa. A irin waɗannan tsere ana lissafin atisaye da awanni a kan ƙafa, ana yin doguwar fita Asabar a sake wata Lahadi domin koyon gudu da gajiyayyun ƙafafu, kuma taka tudu da tafiya dabara ce da gwanaye ma suke yi. Abin da ya fi fitar da mutane a nan shi ne lalacewar ciki da bororon ƙafa. Rage atisaye kafinsu bai bambanta sosai da na fanfalaki ba, sai dai jarabar ƙarawa ta fi ƙarfi saboda tsoron nisan.

Game da abin da ke riƙe mutum tsawon watannin nan, ban yarda da dogaro ga zumuɗi ba, domin ba ya kai mako shida. Abokin fita ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Idan ka san akwai wanda ke tsaye a bakin mararraba cikin sanyi yana jiranka, bargo ba zai riƙe ka ba. Ajiye takalmi da riga a bakin ƙofa tun da dare yana rage gardamar asuba. Littafin rubuta gudun kowace rana, wanda Kipchoge ma an san shi da riƙe irinsa, yana da amfani na musamman a makonnin hutu, domin idan wasiwasi ya taso mutum zai buɗe ya ga aikin da ya riga ya yi da rubutun hannunsa. Ƙananan tsere na kilomita 10 ko 21 a tsakiyar shiri suna sabunta sha'awa, suna kuma nuna gaskiyar inda aka kai. Idan azumi ya faɗo cikin watannin shiri, ya fi dacewa a ɗauke shi a matsayin lokacin riƙe abin da aka samu, da gajerun fita bayan shan ruwa ko bayan asham, a bar neman ƙari sai bayan salla. Iyali ma suna da haƙƙi a cikin wannan lissafi, domin awanni ukun safiyar Asabar daga lokacinsu ake ɗebowa, kuma wanda ya yi shawara da mutanen gidansa tun farko ya fi samun natsuwar ci gaba.

Bayan tsere kuma akwai wani sanyin jiki da ke sauko wa mutane da yawa, ganin abin da suka sa a gaba na watanni ya wuce cikin safiya ɗaya. Wasu kan yi maganinsa da gaggawar komawa titi tun matakala na gagarar su sauka, kuma a nan ake samun raunin da kan zaunar da mutum rabin shekara. Tsoka tana buƙatar mako biyu zuwa uku kafin ta murmure daga kilomita 42, fiye da haka bayan kilomita 90. Makon farko tattaki ya isa, na biyu a gwada sassarfa ta minti 20 zuwa 30 a kan ƙasa mai laushi, kuma kada a biya kuɗin rajistar wani tseren sai an ga ƙafafu sun daina ciwo a fitar safe.