Rabin Yini a Dajin Ruakuri

Mafi yawan masu zuwa Waitomo, a tsibirin arewa na ƙasar Niyu Zilan, kogon tsutsotsi masu haske ne ke kawo su. Su sayi tikiti, a sa su a kwalekwale, a zaga da su cikin duhu, su fito su kama hanyar birnin Okland. Kogon ya cancanci sunan da ya yi. Tun 1887 wani basaraken Maori ('yan asalin ƙasar), Tane Tinorau, da wani Bature mai awon ƙasa, Fred Mace, suka kutsa cikinsa, kuma a 1889 aka fara kai baƙi. Amma ni da abokina mai karatun ilimin duwatsu a Hamilton mun wuce ƙofarsa, muka ƙara gaba kaɗan zuwa dajin Ruakuri, inda akwai 'yar hanyar ƙafa da ba a biyan ko sisi, ba ta kuma kai awa guda a zagaye ta.

An kwana ana ruwa. Ƙasa sharkaf, gansakuka ta rufe kowane dutse da kowane kututture, itatuwa sun haɗe kai har rana ba ta sauka sosai. Rafin Waitomo na gudu a gefenmu, ruwansa ya yi ja saboda laka. Duwatsun bakin hanya kuwa sun jeru fala-fala, ɗaya kan ɗaya, sai ka ce gurasar da aka tara a faranti.

"Malam, duba nan," in ji abokina, yana nuna wata tsaga da ko yatsa ba zai shiga ba. Ruwa na tsattsafowa daga cikinta, ɗigo bayan ɗigo. "Wannan shi ne maginin kogo. Rafin can mai hayaniya daga baya ya zo."

Na durƙusa na duba. Dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe ana yin siminti. Na Waitomo ya samu ne kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, lokacin da duk yankin ke ƙarƙashin teku, ɓawon halittun ruwa na taruwa yana danƙarewa. Da motsin ƙasa ya ɗago shi sama, sai ya tsattsage. Ta waɗannan tsagogi ruwa ya samu ƙofa.

Ruwan sama shi kaɗai ba ya yi wa dutsen wani abin kirki. Sai ya ratsa ƙasar daji, inda saiwoyi ke numfashi, ganye ke ruɓewa, ya kwashi iskar kabon mai yawa, ya ɗan yi tsami. Tsamin ba mai ƙarfi ba ne, harshe ma ba zai ji shi ba, amma ya isa ya narkar da dutsen kaɗan-kaɗan. Tsaga ta zama kafa, kafa ta zama hanya, har rafi ya bar bisa ƙasa ya koma ciki da yashinsa da tsakuwarsa, ya ci gaba da gurzar bango. A ganina nan wannan hanya ta fi kogon tikiti: kana tsaye wuri ɗaya, kana ganin dajin a sama da ramin a ƙasa, ka gane cewa dajin ne ke wa ruwan kaifi.

Muka hau matakala, muka sunkuya muka ratsa wata ƙaramar kafa a jikin dutse, inda sai da na cire hula na dafa bango. Can sai ga mu a kan dandamali cikin wani ƙaton kogo mai baki biyu. Rafin na shiga ta nan yana fita ta can, ƙasa sosai da inda muke, ƙararsa ta cika wurin har sai mun ɗaga murya. Daga rufi wasu tsinin dutse sun sauko, kowanne da ɗigon ruwa a bakinsa. Aikin nan juyin na waje ne. Ruwan da ya ɗauko narkakken dutse, in ya faɗo cikin iskar kogo sai kabon ɗin ya fice, ya ajiye ɗan abin da ya ɗauko. Mutum zai yi rayuwarsa duka bai ga tsinin ya ƙaru da tsawon gaɓar yatsa ba, shi ya sa ake hana taɓawa. Na ga wani yaro ya miƙa hannu wajen bango, uwarsa ta buge hannun tun kafin ya kai.

Da muka fito, abokina ya sa ni na ɗaga kai na dubi bangwayen kwazazzabon da muka biyo. Shi ma, in ji shi, a da kogo ne. Ruwa ya ci har rufin ya gaza ɗaukar kansa ya rufta, abin da muka shiga ɗazu ragowarsa ce da ba ta faɗi ba tukuna. Na ce masa ai da ya faɗa mini wannan kafin mu shiga. Ya yi dariya ya ce "tukuna" ɗin duwatsu ba irin namu ba ne.

Ba mu jira dare ba, ko da yake ana ganin tsutsotsin nan suna haske a gaɓar rafin bayan magariba. A hanyar komawa, ta cikin gonakin tumaki da shanu, na riƙa ganin wuraren da ƙasa ta lotsa ta yi kwari, wasu an kewaye su da waya. Bakunan ramuka ne da ke zurawa kai tsaye zuwa kogwannin da ke ƙarƙashin ƙasa, duk abin da aka zubar a ciki rafi zai kai shi ƙasa. Manoma na killace su don kada dabba ta afka. Tun kafin tumaki su zo ƙasar ramukan ke wannan ɓarna: an sha tsintar ƙasusuwan moa a cikinsu, wani ƙaton tsuntsu marar tashi da ya ƙare a Niyu Zilan ɗaruruwan shekaru da suka wuce.