Takardata ce, amma sai da na roƙi izini kafin in taɓa ta

Ranar da imel ya shigo cewa mujallar ta karɓi takardata ina tsaye ne a bakin masallacin fakwalti ana jiran la'asar, wallahi sai da na karanta shi sau uku kafin na yarda ba wani gyaran suke nema ba kuma. Damina uku na yi ina bin gonakin dawa a ƙauyuka huɗu ina ƙirga ƙuduji, wanda wasu ke cewa wuta-wuta, da kuɗin aljihuna da ɗan abin da supabaiza ya taimaka da shi na mai, sannan masu bita, wato masanan da mujalla ke ba takarda su duba kafin a buga, suka dawo min da ita har sau biyu. To a ƙarƙashin imel ɗin akwai wani fom wai in cike kafin a buga. Ni ko karantawa ban yi ba, na danna na amince, na rubuta sunana, na tura, na shiga sahu.

Ashe fom ɗin miƙa haƙƙin mallaka ne. Daga ranar, rubutun da teburan da jadawalin da na kwana ina zanawa duk sun koma na kamfanin buga mujallar, ni abin da ya rage min sunana ne a sama.

Ban gane haka ba sai bayan wata biyar. Wani malamin gona da ya yi ta ɗaukata a mashin zuwa gonakin nan ya kira ni ya ce Malam ina sakamakon aikin namu, manoma suna tambaya. Na tura masa adireshin takardar a WhatsApp, can sai ya turo min hoton allon wayarsa, an rubuta sai ya biya kusan dala 40 kafin ya karanta. Na ji kunya ba kaɗan ba. Na gwada ta kwamfutar laburarenmu, nan ma ba ta buɗe ba tunda ba mu biya kuɗin wannan mujallar ba. Sai kawai na ɗauki PDF ɗin da suka turo min na ɗora a shafina na wani dandalin masu bincike don kowa ya sauke. Bai yi wata biyu ba saƙo ya zo cewa an cire shi saboda ƙorafin mai haƙƙin mallaka. Na ce ikon Allah, mai haƙƙin mallaka kuma, to ni wane ne?

Abin da ya fi ci min rai shi ne da na so in mayar da aikin Hausa, ɗan littafi mai shafi takwas da hotuna don malaman gona. Wani abokin aikina ya ce in koma in karanta fom ɗin da na sa wa hannu tukuna. Na nemo shi na karanta, sai ga shi ƙarara har haƙƙin fassara zuwa kowane harshe na miƙa musu. Haka na zauna na cike wani fom ɗin na neman izinin amfani da jadawalin da ni na zana da hannuna. Sun ba ni kam, ba su karɓi ko sisi ba, amma sai da aka ɗauki makonni, damina har ta yi nisa.

Maganar ta zama muhawara a ofis ranar nan, har shayi ya huce. Kowa dai ya san Sci-Hub ko da ba ya faɗa a gaban ɗalibai, shafin da wata 'yar Kazakistan mai suna Alexandra Elbakyan ta buɗe a 2011 inda ake sauke takardun bincike kyauta ba tare da izinin masu buga su ba, wanda babban kamfanin buga mujallu Elsevier ya kai ƙara a Amurka a 2015 kuma kotu ta yanke diyyar dala miliyan 15 a 2017. Wani Dakta ya ce shi bai ga laifinta ba, ya jawo hadisin nan na wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a yi masa linzami da wuta. Farfesanmu ya ce a'a Dakta, kar mu yaudari kanmu, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi tun 1988 ta ce haƙƙin marubuci dukiya ce da shari'a ta kare, kuma yarjejeniya yarjejeniya ce, ba wanda ya ɗora maka wuƙa a wuya ka sa hannu. Na ce ranka ya daɗe ai wuƙar tana nan, sunanta ƙarin girma, idan ba ka buga a mujallar da Scopus, wato kundin mujallun da aka tantance, ya sani ba kwamiti ko kallon fayil ɗinka ba zai yi ba. Ya yi dariya ya ce wannan kuma gaskiya ne.

Ni inda na tsaya, haƙƙin mallaka an yi shi ne don marubuci ya ci guminsa, kamar mai littafin da ake kwafe masa a kasuwa. Amma a nan marubucin ba a biya shi, mai bita ba a biya shi, kuɗin binciken na gwamnati ne ko na aljihu, sannan jami'a ta sake biya ta karanta. Kuma ba mu kaɗai muke kuka ba, Jami'ar Kalifoniya da duk kuɗinta sai da ta yanke kwangila da Elsevier a 2019 kafin suka sasanta a 2021. Sai dai ban yarda a ce kamfanonin ba sa komai ba, wanda ya taɓa buga takarda a mujallar da shafinta ya ɓace daga intanet bayan shekara biyu ya san amfanin wanda zai adana maka aiki.

Daga baya ne wata ma'aikaciyar laburare ta nuna min abin da da na sani da ban sha wahalar nan ba. Ta ce kwafin ƙarshe da na tura bayan gyaran masu bita, wanda ba a riga an yi masa kwalliyar mujalla ba, yawancin kamfanoni suna yarda ka ajiye shi a rumbun jami'a, wasu nan take, wasu bayan wata 12 ko 24. Ta buɗe min Sherpa Romeo, shafin da ke nuna ƙa'idar kowace mujalla kan wannan, muka duba, tawa wata 12 ce kuma lokacin ma ya wuce. Matsalar ita ce kwafin yana cikin tsohuwar laftof da ta mutu, sai a imel ɗin supabaiza muka tono shi.

Da takarda ta biyu ta zo na yi niyyar buɗe ta ga kowa, sai mujallar ta ce in biya dala 2,800, na lissafa albashina na rufe kwamfuta. Ba su ma kai mujallar Nature ba da ta sa Yuro 9,500 a 2021. Na rubuta wa edita ba kunya na ce ba ni da tallafi, daga Najeriya nake, a yafe min, suka rage rabi, rabin ma ya fi ƙarfina. Ƙarshe na janye ta na kai wata mujallar da ba ta karɓar kuɗi, wadda ke cikin DOAJ, jerin mujallun da kowa ke karantawa kyauta, a ƙarƙashin lasisin CC BY, wato haƙƙin yana hannuna kuma kowa zai iya kwafa ko fassarawa in dai ya ambaci sunana. Wannan karon fom ɗin sai da na buga shi a takarda na bi shi layi-layi da jan biro, har abokan ofis suna min tsiya wai na koma lauya.

Kwamitin ƙarin girma bai ba ta maki kamar ta farkon ba. Malamin gonan nan kuwa ya sauke ta a wayarsa ran da ta fito, ya kira ni da daddare ya ce akwai kuskure a sunan ƙauye ɗaya a tebur na biyu.